Kafin a ƙara mafi ƙarancin albashi, a faɗa mana inda kuɗin zai fito

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinku kan muhawarar ƙarin mafi ƙarancin albashi. Ni ina tare da ma'aikata, domin bai dace mutum ya wuni yana aiki ya kwana da yunwa ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda 'yan siyasa ke shelar sabon adadi, a yi ta tafi, ba mai tambayar daga wace aljihu za a biya.

Ƙarin ba ya tsayawa kan na ƙasa. Da zarar albashin mai shara ya kusa kamo na akawu, akawu zai ce bai yarda ba, na gaba da shi ma haka, har a dangana da darakta. Ga alawus da fansho da ake lissafawa bisa albashi. Ga kamfanonin gadi da share-share da ke yi wa gwamnati kwangila, su ma takardar kuɗinsu za ta kumbura. A nan kasafi ke jin jiki.

A Fabrairun 2021, ofishin kasafi na majalisar dokokin Amurka, CBO, ya auna ƙudurin ɗaga mafi ƙarancin albashin ƙasar daga dala 7.25 a awa, inda ya tsaya tun 2009, zuwa dala 15 a 2025. Ya yi hasashen mutum dubu 900 za su fita daga talauci, amma a rasa guraben aiki kusan miliyan 1.4, giɓin kasafi kuma ya ƙaru da dala biliyan 54 cikin shekara 10. Wani ɓangare na giɓin daga tsadar kula da lafiya da gwamnati ke biya ne, tunda masu jinyar tsofaffi da yawa ƙaramin albashi suke karɓa.

Masu cewa kowane ƙari sallamar ma'aikata yake jawowa su ma sun wuce gona da iri. Masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger sun bibiyi gidajen abinci bayan jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashinta daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa a 1992, suka kwatanta da maƙwabciyarta Pennsylvania, ba su ga aiki ya ragu ba. Sai dai a lura, ƙarin bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Ninkawa a tashi ɗaya wani abu ne daban. Mai ƙaramin kamfani ba lallai ya kori kowa ba: zai rage awannin aiki, wanda ya tafi ba za a maye gurbinsa ba, ragowar kuma a ɗora wa mai saye.

Shi ya sa tsarin Birtaniya ya fi kwanta mini. Tun da aka fara biya a 1999, wata hukuma ce mai wakilan ƙwadago da masu kamfanoni da masana ke ba gwamnati shawara duk shekara, ana hawa mataki-mataki.

Don Allah, duk ranar da wakilinku ya sami wani minista ko gwamna yana alƙawarin ƙari, ya tambaye shi: haraji za a ƙara, bashi za a ciwo, ko wane aiki za a ajiye?

Naku,
Mai karatunku a kullum