Rahoton Kwamitin Gyaran Sandar Tuta da Sauya Tutoci a Harabar Zauren Taro

Zuwa ga shugaba da ɗaukacin membobin ƙungiya, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Kwamitin da aka ɗora wa alhakin gyara wurin kafa tuta a harabar zaurenmu da ke jihar Teksas ta ƙasar Amurka ya kammala aikinsa, kuma ga bayanin yadda aikin ya gudana.

Da muka fara bincike, mun tarar cewa tsohuwar sandar ta karkace ne saboda dalilai biyu da suka haɗu: ramin da aka kafa ta a ciki bai yi zurfi ba, sannan an riƙa ɗaura mata tutoci manya waɗanda suka fi ƙarfinta, ta yadda duk lokacin da iska ta taso sai ta riƙa fizgar sandar har kankaren gindinta ya tsage. Saboda haka muka yanke shawarar cire ta baki ɗaya, muka sayo sabuwa ta alminiyam mai tsawon ƙafa 25 daga ƙasa, domin alminiyam ba ya tsatsa kamar baƙin ƙarfe. Kafin a sa diga a ƙasa mun kira lambar 811, wadda ake kira a duk faɗin Amurka domin a zo a nuna inda bututun gas, na ruwa da wayoyin lantarki suka bi a ƙarƙashin ƙasa. An binne gindin sandar gwargwadon kashi 10 cikin 100 na tsawonta, kamar yadda aka saba, a cikin wani bututu da aka zagaye da kankare, aka cika tsakaninsu da busasshen yashi, kuma ba a ɗora sandar ba sai da kankaren ya sha iska ya bushe.

Inda muka fi daɗewa muna muhawara shi ne girman tutar. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce tsawon tuta ya kasance tsakanin kusan kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku na tsawon sanda, wanda ke nufin cewa sandarmu za ta iya ɗaukar tuta mai ƙafa 4 da 6, wato faɗi ƙafa 4 tsawo ƙafa 6, ko kuma mai ƙafa 5 da 8. Wasu daga cikinmu sun so babbar, da hujjar cewa za a fi hangota daga titi, kuma gaskiya hujjarsu tana da nauyi. Sai dai mu ba tuta ɗaya muke ɗagawa ba, biyu ne a kan igiya guda, ta ƙasa da ta jiha. Tuta mai ƙafa 5 da 8 tana da faɗin murabba'in ƙafa 40, biyu sun zama 80, alhali mai ƙafa 4 da 6 tana da 24, biyu 48 ke nan, kuma duk wannan faɗin iska ce za ta riƙa bugawa, sandar kuma ita ce za ta ɗauki nauyin. Da aka baje lissafin a kan tebur, sai aka amince da ƙaramar. Wani abin da ya ƙara mana ƙarfin gwiwa shi ne, tutar Teksas, wadda aka amince da ita tun 1839, dokar jihar ta ce faɗinta ya zama kashi biyu cikin uku na tsawonta, kuma ƙafa 4 da 6 ya yi daidai da wannan awo cif, saɓanin ƙafa 3 da 5 da aka fi sayarwa a kasuwa.

Game da tsarin ɗagawa, mun bi dokar tuta ta Amurka wadda majalisar dokokin ƙasar ta amince da ita a 1942: tutar ƙasa ce a ƙololuwa, ta jiha a ƙarƙashinta, kuma ba mu bari ta jiha ta fi ta ƙasa girma ba. Muna tunatar da duk wanda zai ɗaura tutar jihar cewa farin ɓangaren ne ke sama, ja a ƙasa, domin an sha yin wannan kuskure a baya.

Sai batun yadi. Auduga ba ta ɗau lokacinmu ba, domin tana shan ruwa ta yi nauyi, kuma rana tana saurin koɗar da launinta. Wurinta cikin zaure ne. Zaɓin ya rage tsakanin nailan da foliyesta mai saƙa biyu. Nailan ba shi da nauyi, yana kaɗawa ko da iska kaɗan ce, yana saurin bushewa bayan ruwan sama, kuma launinsa yana ɗaukar ido, amma a wurin da iska ke da ƙarfi bakinsa na waje yana saurin zarewa. Foliyesta kuwa ya fi kauri da juriya, sai dai idan iska ta kwanta yakan rataye a jikin sanda kamar rigar da aka shanya. Tun da harabarmu fili ce fetal, babu gini ko bishiyar da ke tare mata iska, kwamitin ya zaɓi foliyesta domin amfanin yau da kullum, ya kuma ajiye na nailan guda biyu saboda ranakun biki. Mun tabbatar cewa kowace tuta tana da kalmasa mai layin ɗinki huɗu a bakin da ke kaɗawa, da yadi mai kauri da zobban tagulla a gefen da ake ɗaurewa.

An sa sabuwar igiya, an kuma kafa fitila mai haska tutocin, tun da dokar ta yarda a bar tuta da dare ne kawai idan akwai haske a kanta. Kwamitin yana roƙon a naɗa mutum ɗaya da zai riƙa duba kalmasar duk wata, ya sauke tutocin idan aka yi gargaɗin guguwa, ya kuma kai su wurin tela da zarar zare ya fara fita. Mabuɗin akwatin igiya da rasitan sayayya suna hannun sakatare.