Bidiyon Sasha Colby da 'yan daudun garinmu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a bani ɗan fili in faɗi abun da ke cina a rai, duk da nasan wasu za su ce ina ruwana. Kwanan nan bidiyon wata mai suna Sasha Colby ke ta yawo a wayoyin samarinmu a nan Kaduna, daga TikTok zuwa guruf-guruf na WhatsApp, kowa sai tsinuwa yake yana cewa wai ga masifar da Turawa suka kawo mana.

To ita Sasha ɗin nan 'yar asalin jihar Hawai ce a Amurka, an haife ta namiji daga baya ta koma rayuwar mace, kuma gidan Shaidun Jehobah ta tashi. Sana'arta cancaɗa ado ta hau dandamali, gashi har gadon baya tana wurgi da shi, tana rawa tana bin waƙa da baki. Ta ci gasar Miss Continental a 2012, sai a 2023 ta shiga zango na 15 na shirin RuPaul's Drag Race, gasar talabijin ta masu irin wannan sana'a da ake yi tun 2009, ta cinye ta tafi da dala 200,000. Wajen shekara ashirin tayi tana wasa a kulob-kulob kafin talabijin ta san da ita, kuma can ƙasarsu tana da kwantiragi da lauya da dokar da ke kare ta, zagin da muke yi daga Kawo ko Rigasa ko a jikinta.

Ni musulmi ne, nasan hadisin da ya la'anci namiji mai kwaikwayon mata, ban zo halasta komai ba. Amma maganar wai shirin Amurka ne ya kawo mana daudu, wannan kam ba gaskiya bane kuma duk mun sani. Tun kafin a buɗe gidan talabijin a Kaduna a 1962 akwai 'yan daudu a ƙasar Hausa, a gidajen biki, a wajen bori, a tashoshin mota. Waye cikinmu bai taɓa cin tuwonsu ba? Akwai wani dattijo da nake sayen abinci wajensa tun ina ɗan makaranta, zani ɗaure a ƙirji, tawul a kafaɗa, ludayi a hannu, in ya zuba maka miyar taushe sai ya ƙara maka tsoka ɗaya yace kai ɗan nan ci ka ƙoshi, kuma da kuɗin tukunyar nan yake riƙe da mahaifiyarsa da marayun ƙanwarsa. Mutumin nan wallahi ko sunan RuPaul bai taɓa ji ba.

Abun da ke bani tsoro shine duk sanda irin bidiyon nan ya fito, fushin a kan irinsu yake sauka. Na gani da idona yara sun bi wani suna ihu suna jifa har suka kifar mai da tiren soyayyar kaza a cikin kwata, manya na zaune a benci suna dariya ba wanda yace kai ku bari, shi kuma ya durƙusa yana tsince naman yana kuka saboda jarin bashi ne. A watan Agustan 2024 an tsinci gawar wani ɗan daudu da ake kira Abuja Area Mama a bakin titi a Abuja, ku je ku karanta abun da mutanenmu suka rubuta a ƙarƙashin labarin, wasu har da Allah ya ƙara. Rai fa aka kashe.

Doka tana nan ai, tun 2014 aka sa hannu a dokar hana auren jinsi mai ɗaurin shekara 14, ga kotuna ga alƙalai. Ko Bobrisky da aka ɗaure wata shida a 2024, kan wulaƙanta naira ne kotu ta ɗaure, ba kan shigar mata ba. To waye ya ba yaron unguwa sandar hukunci?

Malam Edita roƙona gare ku, in za ku buga irin labarin nan ku daina sa hoton talakan ɗan daudu da sunan unguwarsa, domin washegari gidansa ake zuwa. Sannan ku tura wakili wajen malamanmu na Kaduna ya tambaye su hukuncin wanda ya doki mutum ko ya ɓarnatar masa da jari da sunan hana mummuna, ku buga amsar yadda suka faɗa.

Naku,
Mai karanta ku daga Tudun Wada, Kaduna