Safiyar Alhamis a Maigatari

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in faɗi abin da idona ya gane mini a Maigatari, garin nan na masarautar Gumel a Jihar Jigawa, wanda ke bakin iyakarmu da Nijar.

Sayen raguna ne ya kai ni, na kwana can ranar Laraba don in riski kasuwar Alhamis. Tun kafin kiran assalatu kukan shanu da na raƙuma ya cika gari. Muna fitowa daga masallaci, hunturu na kaɗawa, sai ga garke bayan garke na shigowa ta arewa cikin ƙura: Fulani da sandunansu a kafaɗa, Buzaye sun naɗe fuska da rawani, yara na kora tumaki uda da balami. Wasunsu sun kwana suna tafe daga ƙauyukan Damagaram.

A teburin mai shayi na fi daɗewa. Benci ɗaya ne, amma ga dillali, ga direban tirelar da zai yi lodin shanu zuwa Legas, ga ɗan canji na ƙirga sefa da naira a hannu guda. Wani dattijo da ya tsallako daga Nijar ya tambayi lafiyar iyalin mai shayin ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. Ashe surukinsa ne. Mai ƙosai kuwa ta ƙi karɓar kuɗina, wai baƙon asuba ba a sayar masa da karin kumallon farko. Wallahi abin ya taɓa mini zuciya.

Abin da ya sa na rubuto, Edita, ba a cika jin sunan garin nan a jaridu ba sai an rufe iyaka ko an kama 'yan fasa-ƙwauri. An rufe a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai. Masu yanke wannan hukunci a Abuja, da wuya in sun taɓa tunanin mai shayin nan, ko yaron da ke tura kurar ruwa don shayar da dabbobi.

Don Allah ku turo wakilinku ya kwana a garin, ya tashi da asuba, ya zauna da dillalai da makiyaya su gaya masa da bakinsu yadda suka ci da iyalansu a watannin da iyakar take rufe.

Naku,
Mai karatu daga Fagge, Kano