Sanarwa kan zaman wasan Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Zaman Dungeons & Dragons ɗinmu, wasan nan na tebur da kowa ke zama jarumi a cikin labari ana jefa ɗan lido, yana nan ran Asabar bayan La'asar, a zauren nan na Ƙofar Ƙaura, ana kiran Magariba mun tashi.

Labarin ya kai ku dajin ƙanƙara, to kyarketai ne za su tare ku, irin masu ruwan tokan nan na dazuzzukan Kanada da Alaska. Kar wanda ya raina su wai don ran kowane ɗaya maki 11 ne kacal, kariyarsa 13, wato makin da sai ka samu kafin bugunka ya same shi. Matsalar a garke suke zuwa, in ɗaya ya matso kusa da kai ɗan uwansa in zai kai maka hari sau 2 zai jefa ɗan lido mai fuska 20 ya ɗauki mafi girma, kuma in ya cije ka sai ka jefa ɗan lidon gwajin ƙarfi ka samu aƙalla 11, in ba haka ba ka sha ƙasa su yi maka rubdugu. Gudunsu ƙafa 40 ne a kowane zagayen wasa, yawancinku 30 gare ku, saboda haka masu shirin arcewa ku ma haƙura. Ni dai a ganina ku haɗa baya ku kunna wuta.

Kowa ya zo da takardar jaruminsa a cike, da fensir, ban da biro don ana gogewa. Sai ₦500 kuɗin firintin taswira da zoɓo, a tura wa ma'aji kafin Juma'a. Wanda ba zai samu zuwa ba ya faɗa a nan tun da wuri in rage yawan kyarketan.

Allah ya kai mu lafiya, na gode.