Garin tsiro ba ya son dogon jira

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin jan hankalin masu kunun zaƙi, na gida da na sayarwa, kan wata ɗabi'a da ke jawo asara duk lokacin da azumi ya ƙarato. Sai a kai tsiro, wato hatsin da aka jiƙa ya tsira aka shanya, inji a niƙa tiya guda, a ƙulle a leda, a ce ya isa har Sallah. Makon farko kunu ya yi daɗi. Zuwa mako na uku ya fara nauyin tsinkewa, ana ta ƙara sukari, ga wani maƙaƙi a maƙogwaro, sai a ɗora wa gero laifi. Alhali laifin na ajiya ne.

Idan ƙwayar gero ko dawa ko shinkafa ta fara tsira, tana samar da sinadarin da ke narkar da sitaci ya koma sukari. Shi ne ke tsinka kunu ya kuma kawo zaƙi. Muddin ƙwayar tana nan a dunƙule kuma a bushe, ɓawonta na tsare wannan sinadari tsawon watanni. Da zarar an niƙa, kowane ɗan ƙwayar gari ya buɗe wa iska, yana tsotsar raɓa. Gero ya fi saurin lalacewa, domin kusan kashi 5 cikin 100 na nauyinsa mai ne, kuma man nan yana fara juyawa cikin 'yan kwanaki bayan niƙa. Maƙaƙin da ake ji daga nan yake.

Saboda haka a ajiye tsiro ƙwayarsa, a riƙa niƙa na buƙata. Garin tsiron gero kada ya wuce kwana 5 zuwa 7. Na dawa da na shinkafa za su iya kai mako biyu idan wurin a bushe yake. Da damina a rage wannan wa'adi zuwa rabi, da hunturu kuwa ana iya ɗan sassautawa.

Amma gyaran yana farawa tun kafin a je inji. Bayan an jiƙa hatsin na awa 12 zuwa 24, ana sauya ruwa, an baza shi a buhun algarara kwana biyu zuwa huɗu ana yayyafa ruwa safe da yamma, sai shanya. A nan ake yawan gaggawa. A shanya shi sama-sama a rana kwana biyu ko uku, ana juyawa, a kwashe kafin raɓar dare. A ciji ƙwaya ɗaya: idan ta ce ƙas ta fashe, ta bushe, idan haƙori ya nutse, da saura. Wata dabarar ita ce a zuba ɗan hatsin a busasshiyar kwalba da cokali guda na busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bar shi minti 15. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da shi rana.

Daga nan a murje shi da hannu a faifai, a sheƙe, har saiwa da ɗan tsiron su fita tas. Wannan ba maganar kwalliya ba ce, musamman ga dawa. Tsiron dawa yana ɗauke da guba mai zama sayanayid, irin wadda ta sa makiyayi ba ya barin saniyarsa ta faɗa gyauron dawa. Ita saiwar ma tana jawo danshi, tana kuma sa ɗaci.

Gari yakan fito daga inji da zafi. Wanda ya ƙulle shi nan take a leda zai ga ta yi gumi daga ciki, kuma gumin nan shi ne mafarin fumfuna. A baza shi a tire kamar rabin awa ya huce, sannan a raba shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli na dama ɗaya. A matse iskar, a ninka leda biyu, a sa a bokiti mai murfi ko kwalba, a ɗora bisa katako nesa da murhu, da randa, da kalanzir, da daddawa, domin gari na ɗaukar wari. A rubuta ranar niƙa a jiki. Ban cika ba da shawarar firji ba a inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, tunda sanyi da ɗumi da ke sauyawa gumi suke haifarwa. Ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa a buhun wake kuwa, kada ta kusanci gari ko kaɗan.

Kafin ranar dama a gwada shi. A shinshina: ƙamshin hatsi mai ɗan zaƙi ake nema, ba warin tsohon mai ko na ɗaki mai laima ba. A damƙa a hannu. In ya dunƙule ya ƙi watsewa, ya sha danshi. Sannan a zuba cokali guda a kofin koko mai kauri da ya ɗan huce, a juya. Cikin minti 10 zuwa 15 ya kamata ya tsinke. In bai tsinke ba, ƙarfinsa ya ragu, sai a ƙara yawansa. In kuwa an ga kore ko baƙi, a zubar da shi duka, kada a ba kaji ma, domin tafasa ba ta kashe gubar fumfuna.

Wani lokaci kuma garin lafiyarsa lau, zafi ne ke kashe shi. Kashi ɗaya na tsiro ya ishi kashi huɗu ko biyar na gero, amma a bari gasarar da aka dama da tafasasshen ruwa ta sauka zuwa kamar digiri 60, inda yatsa zai iya shiga ya fito da sauri, kafin a zuba. Sai a rufe ya kwana, a tace da safe.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya