Rahoton kwamiti: an kammala gyaran ɗakin 'yan badujalar ƙauyenmu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi aikin gyaran ɗakin 'yan badujala ya kammala, an miƙa makullai, an dawo da kayan busa cikin sito, har yara sun koma atisaye da yamma kamar da. Wannan bayani ne daga kwamitin aikin zuwa ga 'yan uwa Hausawa mazauna yankin Yorkshire na Ingila da suka sa hannu a aljihu, musamman mutanen Sheffield da Doncaster da Leeds waɗanda ko ƙauyen ba su taɓa takawa ba amma suka turo nasu, haƙƙinku ne ku ji inda kuɗinku ya shiga.

Tun farko akwai waɗanda suka tambaye mu wai me ya haɗa mu da masu bushe-bushe, to amsar ita ce maƙwabtaka. Ƙauyen nan da muke zaune kusa da Barnsley ramin kwal ne ya haife shi, gidajen da muke haya yanzu don masu haƙar kwal aka jera su, kuma ƙungiyar badujalar nan ita ma 'yar ramin ce. Kakannin mutanen nan su ne za su fito daga ƙarƙashin ƙasa baƙi wuluk, ƙura cike da ƙirji, su yi wanka su ci abinci sannan su ɗauki ƙahon tagulla su taho ɗakin nan su busa har dare. Mutum wajen 25 ne a cikakkiyar ƙungiya ban da masu ganguna, akwai masu konet da masu turombon da yufoniyam da manyan bas ɗin nan da sai mai ƙarfi ke iya rungumarsu, kuma babu wanda sana'arsa ke nan, duk leburorin rami ne da makanikai da masu gyaran fitila. Ba a yin jana'izar ɗan rami ko bikin ƙauye ko jerin gwanon ƙungiyar ƙwadago ba tare da su a gaba ba.

Yadda suka riƙe ta shi ne abin da ya fi burge mu a kwamiti. A zamanin ramin, kowane sati ana cire 'yan kwabbai daga albashin kowane ma'aikaci, wanda ya iya busa da wanda bai iya ba, da shi ake sayen kayan busa da yunifom da biyan madugun da ke koya musu. Sannan a 1920 aka yi dokar da ta sa a wancan zamani ana cire kwabo ɗaya a kan kowane tan na kwal ana zubawa a asusun jin daɗin ma'aikata, da irin wannan kuɗi aka gina filayen wasa da zaurukan taro a ƙauyukan kwal da dama. Ko da gwamnati ta karɓe ramukan gaba ɗaya a farkon 1947 tsarin bai tsaya ba. Abin ya fara rushewa ne da yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 kan shirin rufe ramuka, wanda ya tashi daga ramin Cortonwood nan kusa da mu, shekara guda cur ba albashi, gwamnatin Margaret Thatcher ta ƙi sauka, ƙungiyar ma'aikata ƙarƙashin Arthur Scargill ita ma ta ƙi, da aka koma aiki a watan Maris na 1985 ba a samu abin da ake nema ba amma a wurare da yawa da badujala da tuta a gaba suka koma, kai a sama. Tsofaffin nan har yau in suna ba ka labarin sai ka ga idonsu ya kawo ruwa. Daga baya aka rufe ramin ƙauyen nan, kuɗin sati ya yanke rana ɗaya.

Maƙwabtanmu na Grimethorpe su ne duniya ta fi sani. Tun 1917 aka kafa tasu ƙungiyar badujalar, a watan Oktoba na 1992 gwamnati ta sanar da rufe ramuka 31 har da nasu, 'yan kwanaki bayan nan suka je Royal Albert Hall a Landan suka cinye gasar ƙasa, a 1993 aka rufe ramin. Su kam sunan da suka yi ya taimake su. Ƙananan ƙungiyoyi irin tamu kuwa ba wanda ya waiwaye su, wasu sun mutu, wasu sun haɗe da na maƙwabta, tamu dai ta rayu da kuɗin wasan biki da na sayar da shayi. Yanzu da ramin ƙarshe mai zurfi a Birtaniya, wato Kellingley, ya rufe tun Disamba 2015, a ƙauyen nan babu wani abu na zamanin kwal da ya rage yana aiki sai ƙungiyar nan, kuma kyauta take koya wa yara, har da namu, ta ba su aron kayan busa su tafi da shi gida.

To ɗakin fa ya lalace ba kaɗan ba. Rufin yana yoyo har sai an jera bokitai lokacin atisaye, bangon arewa ya sha danshi filasta na zubowa, wayoyin lantarki tsofaffi ne sosai har kamfanin inshora ya ce ba zai sabunta ba sai an canza su, ga hita ta mutu, lokacin sanyi yara da safar hannu suke busa. Akwai kuma tsaga a bango kusa da ƙofa wadda ta fi tayar mana da hankali, saboda a ƙauyukan kwal ƙasa takan zauna a kan tsofaffin ramuka ta ja gini. Shi ya sa kafin a taɓa komai muka ɗauko injiniya, ya duba ya sa alama ya dawo bayan watanni, ya ce tsagar tsohuwa ce ta daina motsi, ɗinki kawai take so da ƙarfe da siminti. Wallahi ranar ne muka samu natsuwa, don da ya ce tana tafiya da aikin ya fi ƙarfinmu.

An yi muhawara mai zafi a kan a rushe a yi sabo ko a gyara. Masu son rushewa suna da hujja, sabon gini ya fi riƙe ɗumi kuma ba ya cin kuɗin gyara, amma kuɗinsa ba mu da shi, kuma gaskiya mu a kwamiti mun ga bai dace a rushe bangon da ma'aikatan rami suka ɗora da hannunsu ranakun hutu ba. Aka kaɗa ƙuri'a gyara ya yi nasara.

Rufin ne ya ci kusan rabin kuɗin. Tsohon kwanon na asbestos ne, abin nan da ƙurarsa ke kawo cutar huhu, wanda Birtaniya ta haramta gaba ɗaya tun 1999, ba a yarda kowa ya hau ya ɓalle shi haka kawai ba, sai da muka ɗauko ƙwararru da rigunan kariya suka sauke shi ɗaya bayan ɗaya suka naɗe a leda suka kai inda hukuma ta yarda a zubar. Bayan nan kafintoci suka canza katakon da ya ruɓe, aka sa sabon kwano da abin tare sanyi a ƙarƙashi, aka yi sabon silin. Birkila ya ɗinke tsagar, aka kankare filastar da ta jiƙe aka bar bangon ya bushe sannan aka sake, nan ne aka samu jinkiri don ɗan kwangilar farko na filasta ya karɓi aiki ya yi ta yi mana gobe jibi har muka sallame shi muka nemo wani. Lantarki duk sabo ne, hita sabuwa, tagogi masu gilashi biyu, an gyara banɗaki, an yi gangara a ƙofa saboda masu keken guragu, kuma da yawan tsofaffin 'yan ramin ƙirji ya hana su hawa matakala. Fenti kuwa ba mu biya kowa ba, gayya aka yi ranakun Asabar, matasanmu sun fito sosai, matanmu suka kawo shinkafa dafa-duka da tsofaffin nan har yau suke tambayar yaushe za a sake.

A ciki an manna allunan shanye ƙara a bango don maƙwabta su huta kuma masu busa su riƙa jin junansu, an yi kantoci a sito kowane ƙaho da wurinsa. Abin da muka fi ba lokaci shi ne takardun kiɗa. Akwatuna ne cike, wasu da hannu aka rubuta su tun zamanin kakanni, danshi ya fara cin su, sai muka shanya su ɗaya-ɗaya aka ɗauki hotonsu a kwamfuta aka zuba su a kabad na ƙarfe. Tsohuwar tutar ramin ita ma an kai ta wajen masu gyaran tsofaffin yadi, yanzu tana rataye a bangon da rana ba ta dukansa, da hotunan ƙungiya na shekaru a ƙarƙashinta.

Kuɗin ya fito ne daga tallafin gidauniyar da ke taimakon yankunan kwal, da ɗan abin da kansila ya samo mana daga ƙaramar hukuma, da wasannin da ƙungiyar ta yi, sai gudummawar jama'a, wadda muka tsara ta irin ta da, kowa ya riƙa ba da kaɗan duk sati ta banki maimakon jiran mai kuɗi ɗaya. Ba a ci bashi ba, kowane rasit yana wajen ma'aji, duk mai son gani ya yi magana a nuna masa.

Ranar buɗewa sun busa taken ma'aikatan rami na tunawa da mutum 266 da suka rasu a haɗarin Gresford a Wales a 1934, kowa ya miƙe tsaye. Wani dattijo ya tambaye mu ko a Najeriya ana haƙar kwal, muka ba shi labarin Inugu da ma'aikata 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Iva Valley a Nuwamba 1949, ya yi shiru, sannan ya ce a rubuto masa zai karanta wa abokansa.

Abin da ya rage shi ne shingen baya da filin ajiye motoci da ruwa ke kwanciya a ciki, sai yunifom na yara da ake so a ɗinka kafin gasar yankin Yorkshire da ake yi wajen watan Maris. Kwamiti zai zauna a kansu farkon wata mai zuwa, masu ba da na sati don Allah kar a tsayar tukuna, kuma duk wanda ke son ɗansa ko 'yarsa su shiga ajin masu koyo ya kawo su ranar Asabar da safe, ba a biyan ko sisi. Mun gode, Allah ya saka da alheri.