Wasiƙa zuwa ga aminina a Zariya kan farfaɗo da ƙungiyar 'yan sikawut

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargida da yara da su Baba. Saƙonka ya iso gare ni, na kuma yi farin cikin jin cewa shugaban makarantarku ya ɗora maka nauyin farfaɗo da ƙungiyar 'yan sikawut. Ka nemi shawarata saboda ka san ina cikin manyan da ke aikin sa-kai a wata ƙungiya da ke ƙarƙashin masallacin unguwarmu a nan gabashin Landan. Tambayoyin da ka jero, wato na fareti da kwanan daji da shigar 'yan mata da kuɗin yunifom, su ne dai muke ta ja-in-ja a kansu duk ranar da yara suka watse muka zauna shan shayi, saboda haka zan faɗa maka yadda muhawarar take gudana, da kuma ɓangaren da ni na karkata.

Akwai tambayar da ba ka yi ba, alhali kuwa ita ce uwar sauran: wane ne zai riƙa tafiyar da ƙungiyar, kai ko yaran? Lokacin da Robert Baden-Powell, wanda ya kafa harkar sikawut, ya gwada tsarinsa a tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila cikin watan Agustan 1907, ya tara yara kimanin 20, wasu 'ya'yan masu hali daga manyan makarantu, wasu kuma 'ya'yan talakawa daga garuruwan da ke kusa, sai ya raba su rukuni huɗu, ya ɗora yaro guda a kan kowane rukuni, ya bar masa alhakin 'yan'uwansa. Har gobe a kan wannan ginshiƙi aka kafa harkar: rukuni na yara shida zuwa takwas, da jagoransu daga cikinsu, su ne za su tsara abin da za su dafa, su kafa tantinsu, su raba aiki a tsakaninsu. A baki kowa ya yarda da haka. Amma da zarar an fita fili, sai ka ga manyanmu sun rabu gida biyu. Wasu suna ganin cewa iyaye sun ba mu amanar 'ya'yansu, sun kuma biya kuɗi, don haka bai dace a tsaya ana kallo shinkafa ta ƙone ko tanti ya karkace ba. Wasu kuma suna cewa yaron da babba ya ƙwace masa ludayi yau, gobe ma babba zai jira.

Ni ina tare da na biyun, kuma dalilina ba na littafi ba ne. A wani zangon kwanan daji da muka yi, wani rukuni ya manta bai sayo mai ba, aka wayi gari suna da ƙwai da burodi amma ba abin suya. Wani abokin aikina, mutumin kirki mai tausayin yara, har ya ɗauko makullin mota zai tafi kanti, sai muka roƙe shi ya dakata. Jagoran rukunin, yaro ɗan shekara goma sha uku, ya je wajen maƙwabtansu ya yi ciniki, suka ba shi mai ya ba su madara, kuma a zangon da ya biyo baya da kansa ya rubuto jerin cefane ya sa mataimakinsa ya sake dubawa. Kai da ka yi karatun allo ka san wannan tsari tun kafin ka ji sunan Baden-Powell, domin a tsangaya gardi ne ke biya wa ƙolo, alaramma yana gefe yana sauraro, ba ya tsoma baki sai an yi ɓatan da gardin ya kasa gyarawa. Wahalar da za ka sha ita ce ta malamin makaranta, wanda ya saba tsayawa gaban aji kowa ya yi tsit. A nan aikinka shi ne ka zauna da jagororin rukuni su kaɗai, ka koya musu ɗaurin igiya ko karatun taswira ko agajin gaggawa, sannan ka ja da baya su je su koya wa nasu, ko da kuwa kana ganin za ka fi su iyawa sau goma.

Daga nan maganar fareti take tasowa. Na san abin da shugaban makarantarku yake hange: ranar yara ta 27 ga Mayu da ranar 1 ga Oktoba, ɗalibansa cikin kaki suna maci a filin wasa, ana kiran sunan makaranta a lasifika. Ba na raina wannan buri, domin yaran ma suna sonsa, kuma sau da yawa shi ne yake jawo su tun farko. Sai dai abin lura shi ne, Baden-Powell da kansa soja ne da ya kai muƙamin janar, amma a littafin da ya wallafa a 1908 bai ƙarfafa yawan atisayen maci ba, saboda yana ganin yana mayar da yaro mai jiran umarni maimakon mai tunani. Abin da na sha gani a gida shi ne ƙungiya ta shafe zangon karatu guda tana hagu-dama, ko kuma a mayar da yaran masu tsare ƙofa da jera kujeru a wajen taron manya, har a rasa bambancinsu da 'yan agaji, alhali 'yan agaji manya ne da suka ɗauki wani aiki daban mai daraja tasa. Shawarata ita ce ka ware wa fareti makonnin da ke gab da bikin, sauran lokacin kuma ka bar shi ga abin da yaro zai amfana da shi ranar da ƙanensa ya ƙone da ruwan zafi ba kowa a gida.

Yanzu ga inda nake so ka fi natsuwa, domin duk janyewar da na ce babba ya yi, ba ta shafi kare yara daga cin zarafi ba. A Amurka, ƙungiyar 'yan sikawut ta ƙasa, wadda aka kafa a 1910, ta je kotu ta ayyana karayar arziki cikin watan Fabrairun 2020 saboda ƙararrakin cin zarafin yara ta hanyar lalata, inda mutane sama da 82,000 suka shigar da ƙorafi, aka kuma kafa asusun diyya na kimanin dala biliyan 2.4. Da yawa daga cikin waɗanda suka aikata abin jagorori ne masu aikin sa-kai, waɗanda iyaye suka sani suka kuma amince da su. Dokar da ƙungiyar take bi yanzu ita ce lallai manya biyu masu rajista su kasance a kowace haɗuwa, kuma an hana babba ya keɓe da yaro, ko a mota, ko a tanti, ko ta saƙon waya. Mu ma a nan Ingila ba a barin mutum ya zama jagora sai hukuma ta binciki tarihinsa na laifuka, kuma kowannenmu yana da wani ɗan kati ruwan ɗorawa da aka rubuta ƙa'idojin a jiki: kada ka kasance da yaro inda ba mai ganinku ko jinku, manya su kwana daban da yara, kuma duk abin da yaro ya faɗa maka na cutarwa ka kai rahoto nan take, ba naka ba ne ka yi bincike ko sulhu.

A kan wannan doka muka fi samun zafin muhawara, kuma waɗanda suka fi jin haushinta mutanen kirki ne. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya daɗe yana karantar da yaran unguwa, ya ɗauki abin a matsayin zargi, yana cewa ashe bayan furfura sai an sa masa mai gadi kafin ya rage wa ɗan maƙwabcinsa hanya. Amsar da ta gamsar da shi a ƙarshe ita ce, idan aka fara zaɓen wanda dokar za ta hau kansa da wanda za a ɗauke wa, to mai mugun nufi zai yi duk abin da zai yi ya shiga sahun waɗanda aka ɗauke wa, domin da kyakkyawan suna irin waɗannan mutane suke farauta. Ban da haka, dokar tana kare shi kansa dattijon daga ƙazafin da ba shi da shaidar da za ta wanke shi. Na san a wajenku ba za ka sami takardar binciken hukuma cikin sauƙi kamar nan ba, kuma kunya tana hana mu furta irin wannan magana a gaban iyaye. Duk da haka ina roƙonka kada ka buɗe ƙungiyar sai ka sami babba na biyu da zai riƙa zuwa kowane mako, ka rubuta ƙa'idar a takarda, shugaban makaranta ya sa hannu, a karanta ta a taron iyaye da malamai, kuma kai ka fara bin ta a idon kowa. Saƙon WhatsApp ma ya riƙa bi ta zauren da iyaye suke ciki, ba ta wayar yaro kai tsaye ba.

Game da kwanan daji, a nan ba kowane jagora ne ke da izinin fita da yara su kwana ba, sai wanda aka gwada aka ba shi takardar izini, kuma akwai adadin manyan da dole a cika gwargwadon shekarun yaran. Duk da wannan tsantseni, ka ga abin da ya faru a babban taron 'yan sikawut na duniya da aka yi a Saemangeum ta Koriya ta Kudu cikin Agustan 2023, inda tsananin zafi da ƙarancin tsafta suka sa tawagar Birtaniya mai mutane kimanin 4,500 ta fice daga sansanin, daga baya kuma aka kwashe kowa saboda guguwa. Idan shirin ƙasa guda zai iya tangarɗa haka, namu na unguwa ba abin yi da ka ba ne. Ku kuma kuna da abin da ya fi zafin rana, domin bayan abin da ya sami ɗaliban Ƙanƙara a 2020 da na Kuriga a 2024, ban ga uzurin da zai sa a kai yara bayan gari su kwana ba. Wasu a cikinmu suna cewa sikawut ba daji ba sikawut ba ne, amma ni ban yarda ba. A kafa tantuna a cikin harabar makaranta mai katanga, da sanin iyaye da jami'an tsaron yankin, ko ma a yi wuni a dafa abinci a watse kafin magariba. Yaran za su hura wuta, su yi gardama kan wanda zai wanke tukunya, su kuma koyi mafi yawan abin da daji zai koya musu.

Maganar 'yan mata kowace ƙasa da inda ta tsaya. Tun 1910 aka kafa musu ƙungiyarsu daban, wadda ƙanwar Baden-Powell, Agnes, ta fara jagoranta. Birtaniya ta wajabta wa dukkan sassan sikawut karɓar mata daga 2007, Amurka kuwa sai a 2019 ta buɗe musu babban sashenta, kuma da ta fara ta sa su a rundunoni nasu daban. A ƙungiyarmu mun daɗe muna kai-komo kafin mu daidaita a kan rukunonin mata daban da jagorori mata, kuma abin da ya warware rikicin ba hujjar kowa ba ce, samun iyaye mata da suka yarda su karɓi horo ne. Idan ba ka da malama ko uwa da za ta tsaya tsayin daka, ka jinkirta wannan sashe, amma kada jinkirin ya zama hanyar mantawa da su. Addini kuwa bai taɓa zame mana cikas ba, domin a nan an amince Musulmi ya ambaci Allah a cikin alƙawarin da yake ɗauka, muna kuma tsara jadawalin zango a kan lokutan salla, har ma da jagoran rukuni muke ɗora wa duba lokaci da shirya ruwan alwala.

Kuɗin yunifom kada ya ɗaga maka hankali, kuma kada ya zama ƙofar da za ta hana ɗan talaka shiga. A fara da ƙyallen wuya kawai a kan kayan makaranta, tela ɗaya zai ɗinka muku su da yadi kaɗan, riga da hula su biyo baya idan hali ya samu. Abin da ya fi cancanta ka kashe wa ƙoƙari shi ne rajista da reshen jihar Kaduna na ƙungiyar 'yan sikawut ta Najeriya, wadda tarihinta ya faro tun 1915, da kuma neman horon jagorori irin wanda aka fara bayarwa a sansanin 'yan sikawut na Gilwell Park, nan kusa da mu, a 1919. Ka tambaye su ranar kwas na gaba, ka kuma tafi da babban nan na biyu ku yi shi tare, domin babbar matsalarmu a nan ma ba ƙarancin yara ba ce, dubban yara suna jiran gurbi saboda manyan da za su tsaya musu sun yi kaɗan, kuma wanda ya ɗauki kayan shi kaɗai ba ya daɗewa yake ajiyewa.

Ka rubuto mini adadin yaran da suka nuna sha'awa da shekarunsu, da kuma ko makarantar ta kwana ce ko ta jeka-ka-dawo, domin in aiko maka da tsarin haɗuwar mako-mako da ya dace da su, tare da kwafin katin ƙa'idojin nan da zan mayar maka da shi Hausa don taron iyaye. Ka miƙa gaisuwata ga Baba da Hajiya, ka ce ina neman addu'arsu, ka kuma gaishe da uwargida da yara da dukkan abokanmu na Tudun Wada. Iyalina ma suna gaishe ku ƙwarai. Allah ya taimake ka a kan wannan amana, ya kuma sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini, daga Landan.